Abin da Ya Tsiro a Ɗakinmu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na sayi littafin nan ne don jerin masu aikin safe da na yamma, amma yau wani abu daban zan sa a ciki. Mutumin ɗakin gwaji, wanda muke kira Mai Gilashi, ya hauro bene da ƙafarsa. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ɗakin masu ciwo mai tsanani, ban taɓa ganinsa a nan ba, takarda yake aikowa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge tabarau da gefen riga.

"Sista, jinin gado na biyu da na gado na biyar, abu ɗaya ne ya tsiro a cikinsu."

Na ce, "To sai a sauya musu allura."

Ya ce, "Ba irin ƙwayoyin da kika saba da su ba ne. Wannan dangin funfuna ce. Duk allurar da kuke ɗirka musu kwana taran nan, ko a jikinta."

Funfuna. Ni a kan burodin da aka manta a leda na san ta. Ya ce wannan ido ba ya ganinta. Tana iya zama a fatar mutum ba ta yi masa komai ba, sai ranar da ta samu ƙofa: robar da muke sa wa a jijiyar wuya, ko robar fitsari, ko wurin tiyata. In ta shiga jinin wanda ciwo ya riga ya karya, an shiga wani aikin. Kuma tana maƙalewa a ƙarfen gado da katifa har makonni.

Gado na biyu tela ne, dattijo mai ciwon suga. Gado na biyar direban babbar mota, an yi masa aiki a ciki bayan hatsari. Ba su san juna ba, ba rana ɗaya suka zo ba. Ke nan a wurinmu suka same ta.

Ban tsorata ba. Gado takwas gare ni, famfo biyu, ma'aikata goma sha huɗu, kuma na san hannun kowa. Za mu kama ta. Na san aikina.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun tura tela da direba can ƙarshen ɗaki, na ware musu nas guda da ba za ta taɓa kowa ba sai su. Rigar leda da safar hannu a bakin labule, a sa a shiga, a cire a jefar, a wanke hannu. Likitanmu, Dogon Likita, ya cire musu robar wuya ya fara sabon magani ta ƙarin ruwa, wanda sai da aka aro shi daga wani asibiti.

Na so a daina kawo mana sabbin mutane. Ƙarfe biyu sai ga gado ana turowa daga ɗakin tiyata, hanji ne ya toshe, ba inda za a kai ta sai nan. Na ɗaga zane in duba fuska.

Mama Sabulu ce.

Ita ta koya mini aikin nan. A makarantar jinya takan tsaya a ƙofar aji ta duba faratanmu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ga datti a nata ta koma famfo. Daga nan sunan ya bi ta. Na sa ta a gado na uku, kusa da teburina, nesa da waɗancan biyun. Na ce wa yarana na wurin aiki ni zan riƙa duba ta da kaina kowace safiya.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta farka. Maganarta ta farko: "Wa ya liƙa filastar nan? A karkace take." Ni na liƙa. Na cire na sake.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ɗan tela ya zo da mota wajen ƙarfe goma ya ɗauki gawar mahaifinsa. Matar telan ta manta flas ɗinta a ƙarƙashin kujera. Allah ya ji ƙansa. An cire labulen, an fitar da katifar.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Taro a ofishin shugaban asibiti. Sanyin na'ura har ƙashi, kujeru masu laushi, ba a jin warin komai. Abin da ya fi damunsa kada magana ta fita waje. Ya tambaya wa ke goge ɗakin, aka ce Baba Mai Bokiti. Ya ce to daga yau a mayar da shi sharar harabar waje, a kawo wani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekararsa sha tara yana goge ɗakin nan. Ruwan da sito ke ba shi ne ba ya kashe wannan abar, Mai Gilashi ya faɗa. Bilic muke bukata, mai ƙarfi, a bar shi ya jiƙa wurin kafin a goge."

Ya ce za a ba da bilic. Baba kuma a waje.

Da na fito na hango shi ta taga da tsintsiya a ƙarƙashin bishiya, sanye da farar rigarsa ta ɗaki wadda yake gogewa da kansa. Bai ɗago ba. Zan dawo da shi, ba na shakka. Na san aikina, shi ma ya san nasa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

A ƙofar gida nake cire takalmi yanzu, kayan aiki su wuce bokiti kai tsaye, ni kuma banɗaki. Baban yara yana zaune yana ta kwance tsohuwar rediyonsa, ya ce, "Ni ma in shiga bokitin ne kafin a gaishe ni?"

Na ce, "Ba zai ɗauke ka ba."

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Kin rame fa." Na ce takalmin ne ya yi mini yawa. Ya tashi ya ɗora ruwan zafi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun hana 'yan dubiya, mutum ɗaya ga kowane mara lafiya. Matar direba ta tayar da ƙura a baranda. Mace ce mai jiki da murya, kayan miya take sayarwa a kasuwa.

"Danginsa sun yi tafiyar awa shida, ki ce ba za su gan shi ba? Ku kuka sa masa ciwon, mu za ku hukunta?"

Ban musa ba. Na ja ta famfo na nuna mata yadda ake yi: bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce, a cire zobe. Na ce kowane hannu da ya taɓa mijinta ko gadonsa zai iya kai abin ga wani, ko ya kawo masa wani sabo. Ta dubi kumfar da ke hannunta.

Kafin azahar ta ɗauko kujera ta dasa a gefen famfon. Na ji tana ce wa wani ƙaramin likita, "Ɗan nan, dawo. Ban ga ka yi babban yatsa ba." Ya dawo kuwa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Gilashi ya zo da sandunan auduga. Ya shafa hammata da matsematsin kowane mara lafiya, sannan ya bi kaya: ƙarfen gado, madaurin awon jini, sandar ƙarin ruwa, maɓallan injin numfashi, hannun famfo, har wayar teburina. Abu goma sha shida, kowanne da lambarsa.

Mama tana kallo daga gadonta. Da ya fita ta kira ni da yatsa.

"Na ga an shafa komai. Na aljihunki fa?"

Ma'aunin zafin jiki take nufi. Nawa ne na kaina, yayana ya kawo mini tsaraba shekara huɗu da suka wuce. Na ɗakin nan sai ka tsaya minti uku, rabinsu batir ya mutu. Nawa daƙiƙa goma ya yi ƙara. Da shi nake zagaye kowace safiya, gado ɗaya zuwa takwas, hammata bayan hammata.

Na ce, "Ina gogewa, Mama. Kowane lokaci."

Ta ce, "Ban ce ba kya gogewa ba."

Ta rufe ido. Ban ƙara sa wa kowa shi ba yau.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Aiki ya yi yawa. Ban samu sauka ɗakin gwaji ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban sauka ba. Ina gogewa ai, da auduga da sifirit. Sai dai in an kira ni da gudu. Akwai ɗan tsagi a wuyansa tun faɗuwar da ya yi bara, ƙarami ne, sai an kai shi haske ake gani.

Baba yana waje har yanzu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Zafin jikin Mama, talatin da tara da ɗigo huɗu. Tana rawar sanyi har gadon yana ƙara. Dogon Likita ya ɗebi jini, ya cire robar wuyan nan take, ya ce ba zai jira sakamako ba, a fara mata maganin yanzu.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Na sauka. Na sa shi a leda na ajiye a kan teburin Mai Gilashi. Ya dubi ledar, ya dube ni, ya ɗauko biro ya rubuta sha bakwai a jiki. Bai tambaye ni komai ba. Allah ya saka masa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Cikin sha shidan farko, biyu sun tsiro: madaurin awon jini da ƙarfen gado na biyar. Mutum biyu kuma suna ɗauke da ita a fata, ba ta shiga jini ba, mun ware su.

Jinin Mama ya tsiro.

Sha bakwai ta tsiro.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ina gida. Na wanke labulen falo, na wanke na ɗaki, na kwashe kwanukan kabad na sake wanke su. Baban yara ya zo ya rufe famfo ya karɓe soson daga hannuna. Na gaya masa, tun daga farko.

Ya ce, "Madaurin awon jinin ma ai ya tsiro. Wa ya san wanne ne?"

Na ce, "Ba wanda ya sani."

Ya ce, "To me za ki yi?"

Na ce gobe akwai taro.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa. A gaban shugaba, da Dogon Likita, da mai sito, da shugabar ma'aikatan jinya. Na ce ma'aunina ne, kowace safiya, kowane gado, kuma an yi mini nuni ranar Litinin ban kai shi ba sai Alhamis. Muryata ba ta yi rawa ba, na ji ta da kunnena.

Shugaba ya gyara zama. "Sista, wannan ba sai ya shiga rahoto ba. Kowa ya san ƙoƙarinki. A rubuta kayan awo kawai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta yadda yake. A ɗakin haihuwa da ɗakin maza akwai aƙalla mutum biyar da ke yawo da nasu a aljihu, don na asibiti ba sa aiki. In an ce kayan awo ba wanda zai taɓa aljihunsa. In an ce na Sista, kowa zai taɓa."

Dogon Likita ya yi gyaran murya ya ciro abin sauraron ƙirji daga wuyansa ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "A shafa wannan ma."

Na ciro takardata. Kowane gado da ma'auninsa da madaurinsa, ba aro, ba yawo. Kowace safiya a tsaya a kan kowace roba da ke jikin mutum a tambaya ko har yanzu ana bukatarta, in ba a bukata a cire ranar. Allurar kashe ƙwayoyi kada ta wuce kwanakinta don kawai ba wanda ya ce a tsaya, domin ita ke share wa funfuna fili. Bilic sau biyu a rana. Ba sabon mara lafiya sai an shafa ɗakin sau biyu a jere ba abin da ya tsiro. Na ƙarshe, a dawo da Baba.

Shugaba ya sa hannu a duka. Ya ce za a ba ni takardar gargaɗi, dole ce. Na ce a ba ni.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na sami Baba yana tara ganye a bayan ɗakin wanki. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa maganar ma'aunin.

Ya jingina tsintsiya da bango. "Kwana nawa kika ce kin riƙe shi?"

"Uku, Baba."

"Ni kuma kwana sha ɗaya ina nan. Jikata ta tambaye ni ko sata na yi."

Ya daɗe yana kallon ganyen. Can ya ce, "Wanda suka sa a wurina yana ɗaga katifa ya goge ƙarƙashi?"

Na ce a'a.

Ya ja tsaki. "Wuce mu je."

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jinin da aka ɗibar wa Mama jiya ma ya tsiro. Fitsari ya ragu. Ba ta yi wa kowa gyara ba yau. Ta kira ni da lambata ta makaranta, ta ce in je in yanke farce.

Ƙanwarta, wadda ke jinyarta, ta riƙe mini hannu a baranda ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, ke kaɗai kike tsaye a kanta." Na zare hannuna na ce ana kirana.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Haka dai.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Haka dai. Dogon Likita ya ce maganin yana bukatar lokaci, kuma zuciyarta ƙalau take a hoto. Likitan ido ya haska ya ce abin bai kai ido ba. Na riƙe wannan.

Na gaya wa ƙanwarta maganar ma'aunina. Ta ɗauke kujerarta ta koma ɗaya gefen gadon.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Direba ya taka da ƙafarsa daga gado zuwa taga. Jininsa wankakke tun mako biyu, yau aka ba shi maganin ƙarshe. Ya leƙa ƙasa ya ga yadda aka ajiye motoci ya ce duk wanda ya yi fakin ɗin nan bai ci lasisi ba. Matarsa ta ce, "Kai da ka ci, ga inda ya kawo ka." Har Baba sai da ya yi dariya, yana kwance a ƙasa yana goge ƙafar gado da buroshin haƙori.

Ta tambaye ni wa zai gaje ta a famfo. Na ce ni.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Gilashi ya sake hauro bene. Na ga takarda a hannunsa na kama gefen tebur. Ya ce, "Jinin gado na uku na ranar Asabar, kwana uku ke nan, ba komai. Na Lahadi ma shiru."

Zafi talatin da bakwai da ɗigo biyu, da ma'aunin gado na uku, wanda aka rubuta wa lamba uku da jan fenti. Na tsaya minti ukun cur. Ban san minti uku yana da tsawo haka ba.

Kwana sha huɗu na magani daga Asabar, sannan gida.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Mama ta ce shayin asibiti ruwan wanke kofi ne. Ta ce wa ƙaramin likita rigarsa ta taɓa gado. Alhamdu lillahi.

An tara ma'auni tara daga aljihunan sauran ɗakuna. Biyu sun tsiro. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji akasinsa ba. An kwashe su dai.

Laraba, 3 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Shafa ta farko, ɗakin fes. Takardar gargaɗina ta iso, na sa hannu na ajiye a fayil. Yarana sun daina yin shiru in na shigo.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Shafa ta biyu ma fes. Gobe za a buɗe.

An sallami Mama. Ƙanwarta ta sauka neman mota, ni na tura kekenta zuwa baranda. Ta rame har agogonta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Muka tsaya a inuwa muna kallon masu shiga da fita. Na zagayo na tsuguna a gabanta.

Na ce, "Mama, ni na sa miki?"

Ta dube ni sosai, irin kallon ƙofar aji.

"Ban sani ba. Wataƙila ke ce. Wataƙila madaurin ne, wataƙila hannun wani. Tela ma haka. Ba za ki taɓa sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba."

Na ce to.

"Ni a shekarata ta shida da fara aiki, wani jariri ne. Har yau ban sani ba. Kina tsammanin haka kawai na tashi na kama duba faratan mutane?"

Shekara ashirin da sanin da na yi mata, ban taɓa jin wannan ba. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Gobe ƙarfe nawa za ki shiga?"

"Bakwai."

"To tashi daga ƙasan nan, kin ɓata rigarki. Ga motar can."

Ƙanwarta ta buɗe ƙofa. Muka ɗaga ta tare, ni da ita, kowa da hannu ɗaya. Da ƙanwar za ta rufe ƙofar ta ce mini, "Sai kin zo dubiya." Ba ta yi murmushi ba, amma ta faɗa.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Baba ya riga ni zuwa. Ɗakin tiyata sun bugo waya, mutum biyu suna tafe. Na ce a turo su.